DAGA ADAR ZUWA JIDDA: NISAN HANYA DA TSAWON LOKACI A JIRGIN SAMA

Kowace shekara, da zarar watan Shawwal ya raba, hidimar aikin hajji takan kankama a gundumomin Madawa, Buza da Keita, kamar yadda take kankama a sauran sassan jahar Tawa. Maniyyata suna bin dangi gida-gida suna ban kwana, ana neman takardu, ana zuwa allurar rigakafi, ana haɗa guzuri. A wannan lokaci akwai tambayoyi biyu da ba su ƙarewa a bakin jama'a, ko a majalisar hira, ko a ma'aikatu, ko a azuzuwan yaƙi da jahilci: shin nisa nawa ne tsakaninmu da ƙasa mai tsarki, kuma awa nawa jirgi yake yi kafin ya sauka?

Ga amsa a taƙaice. Daga filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kilomita 4,000 ne, da ɗan abin da ba a rasa ba. Babban jirgi yana cinye wannan nisa cikin awa 5 zuwa 5 da rabi, idan hanya a buɗe take kuma bai yada zango a ko'ina ba. To, amma mutumin Buza ba daga Yamai tafiyarsa take farawa ba, daga ƙofar gidansa take farawa. Idan aka bi lissafin tun daga nan, za a tarar da wani abin mamaki: guntun hanyar da ake yi a ƙasa ya fi doguwar hanyar sama cin lokaci. Nisa daban, lokaci daban. Ya kamata mai karatu ya san yadda ake auna kowannensu, domin amfanin kansa da na waɗanda za su zo masa da tikiti ya karanta musu.

Yadda ake auna nisan

Duniya ƙwallo ce, kewayenta kilomita 40,000. Ashe ke nan wanda ya tashi daga Yamai ya sauka Jidda ya yi kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya a zama guda. Masana ba su auna wannan nisa da igiya ba, da lissafi suka same shi. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu da suke nuna matsayinsa: ɗaya tana faɗin nisansa daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, ɗayar kuma tana faɗin nisansa gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwic, a Ingila. Ana ƙidaya su da ma'aunin da ake kira digiri. Filin jirgin Yamai yana kan digiri 13 da rabi arewa, da digiri 2 da ɗoriya gabas. Na Jidda yana kusa da digiri 22 arewa, da digiri 39 gabas. Da waɗannan lambobi huɗu ake fitar da nisan da ke tsakani.

Wanda yake son ya gani da idonsa, sai ya nemi ƙwallon duniya irin wanda ake ajiyewa a makarantu, ya ɗauki zare, ya danne baki ɗaya a kan Yamai, ɗaya a kan Jidda, ya ja shi ya miƙe. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Taswirar bango ba ta nuna wannan sosai, domin an shimfiɗa abu mai zagaye ne a kan takarda, tilas waɗansu wurare su buɗe, waɗansu su tsuke.

Zaren nan yana barin Yamai ya nufi gabas da ɗan karkata arewa. Yana ratsa Adar, ya wuce arewa da Tanut, ya bi ta kan duwatsun Tarmit, ya bar tafkin Cadi can kudu da shi. Daga nan ya shiga hamadar ƙasar Cadi ta kusa da garin Faya, ya faɗa arewacin Sudan, ya haye kogin Nilu tsakanin Dongola da Wadi Halfa, sa'an nan ya ƙetare Bahar Maliya, wadda faɗinta a wannan wuri ya ɗara kilomita 200. Ƙasashe uku ke nan da teku guda kafin Saudiyya. Wannan karkata zuwa arewa ita ce kuma karkatar alƙibla: a Madawa, wanda ya fuskanci gabas sak, sai ya juya hagu da misalin digiri 18 kafin ya daidaita da Ka'aba.

Domin kwatanci, daga Yamai zuwa Madina wajen kilomita 4,100 ne. Daga Yamai zuwa Faris, babban birnin Faransa, wajen kilomita 3,950 ne. Wato Jidda da Faris kusan nisansu ɗaya daga babban birninmu, sai dai ɗaya tana gabas, ɗaya tana arewa.

Tafiya yamma domin zuwa gabas

Mafi yawan jiragen alhazan Nijar daga Yamai suke tashi. Saboda haka maniyyacin Madawa yakan fara tafiyarsa ne da ba alƙibla baya. Yana hawa babbar hanya mai lamba 1, ya wuce Galmi, Malbaza, Tsarnawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, kafin ya isa Yamai: wajen kilomita 500. Na Buza sai ya fara sauko da kusan kilomita 50 zuwa Madawa. Na Keita kuwa yakan bi ta Tawa, wajen kilomita 70, sa'an nan ya kama hanyar Badagishiri ya haɗu da babbar hanya a Tsarnawa. Tasa tafiyar ta zarce kilomita 600. Motar fasinja da take tsayawa salla da cin abinci da shingayen bincike ba ta cika yin kilomita 500 ɗin nan ƙasa da awa 7 ko 8 ba.

Mai karatu ya dubi lissafin da kyau. Kilomita 500 kashi ɗaya cikin takwas ne na kilomita 4,000. Duk da haka, wannan kashi ɗaya yana cin awa 8, alhali hanyar sama gaba ɗayanta awa 5 da rabi take ci.

Ga kuma wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Zaren da muka ja daga Yamai zuwa Jidda, idan ya iso Adar, tsakanin Keita da Buza yake wucewa: ƙasa da kilomita 20 kudu da Keita, da misalin kilomita 30 arewa da Buza. Daga filin jirgin Yamai zuwa wannan wuri wajen kilomita 420 ne a miƙe. Jirgin da ya bi wannan layi yana isowa nan cikin minti 35 zuwa 40 bayan tashinsa. Wato manomin da ya wuni a mota yana nisantar gonarsa, kafin a gama raba ruwan sha a cikin jirgi ya dawo bisa kanta, da tazarar kilomita 10 tsakaninsa da ƙasa. Jirage ba kullum suke bin zaren daidai wa daida ba, domin sama ma tana da hanyoyinta da aka shata, amma layin da ya fi gajarta ta kan Adar ya bi. Daga Madawa kanta zuwa Jidda a miƙe, kilomita 3,600 ne kawai.

Lissafin awoyi

Ƙa'idar mai sauƙi ce, duk wanda ya koyi rabawa zai iya: a raba nisa da gudu, abin da ya fito shi ne lokaci. Manyan jiragen fasinja suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda idan sun daidaita a sama. Idan aka raba 4,000 da 850, za a sami awa 4 da minti 42.

To, ina ragowar ta tafi, tun da an ce awa 5 da rabi? Jirgi ba ya fara wannan gudu tun daga ƙasa. Da fari yana tafiya a hankali daga inda aka ɗauki fasinja zuwa bakin titin tashi, wani lokaci ya tsaya jiran izini. Bayan ya tashi yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 yana hawa, har ya kai tsawon mita 10,000 zuwa 12,000. A can iska ba ta da kauri, ba ta tare jirgi sosai, mai kuma ba ya ƙonewa da yawa. Sanyin waje yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Idan ya kusa isa, yana fara saukowa tun da sauran kilomita 200 ko fiye, yana rage gudu. A lokacin aikin hajji jirage daga kowace kusurwa ta duniya suna tururuwa zuwa Jidda, saboda haka akan sa wani ya yi shawagi har layi ya zo kansa. Lokacin da kamfani yake rubutawa a tikiti ya haɗa duk waɗannan, tun daga motsawar jirgi daga mazauninsa har tsayawarsa a wancan gefe.

Matuƙa jirgi ba su ƙidaya da kilomita. Suna amfani da mil na teku, wanda yake daidai da mita 1,852. A wurinsu Yamai zuwa Jidda wajen mil 2,160 ne. Wanda ya ga wannan lamba a allon cikin jirgi kada ya zaci hanya ce ta ragu. Ma'auni ne ya sauya, kamar yadda tiyar wata kasuwa take bambanta da ta wata.

Nisa yana da alaƙa da kaya kuma. Babban jirgi mai inji biyu, irin Airbus A330, yana ƙona wajen tan 6 na mai a awa guda, wato kusan tan 30 kafin Jidda, ban da wanda doka ta tilasta a riƙe saboda ko-ta-kwana. Nauyin da jirgi zai iya tashi da shi yana da iyaka, kuma mai da mutane da kaya duka a cikin wannan iyaka suke. Dalili ke nan da ya sa ake auna jakar kowane alhaji a kan sikeli. Ba ƙeta ba ce ta ma'aikata.

Iska da yaƙi suna sauya lissafi

Abu biyu suna iya tsawaita tafiya ko su gajarta ta, alhali Yamai da Jidda suna nan inda suke.

Na farko iska ce. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogin Kwara: mai bin ruwa ya fi mai haurawa sauri. A can sama akwai manyan iskoki masu gudu da suke bin hanya guda. Lokacin ɗari, wadda ta fi ƙarfi a kan hamada daga yamma take busawa zuwa gabas, tana tura mai zuwa Jidda, tana tare mai dawowa. Da damina kuma, a sararin ƙasashen Sahel, akwai wata da take busowa daga gabas. Mu ɗauki misali: idan iska mai gudun kilomita 100 a awa tana bayan jirgi, gudunsa bisa ƙasa ya zama 950, ya yi kilomita 4,000 cikin awa 4 da minti 13. Idan gabansa take, gudunsa ya koma 750, tafiyar ta zama awa 5 da minti 20. Fiye da awa guda ke nan tsakanin zuwa da dawowa, a jirgi ɗaya, a hanya ɗaya. Da yake watan Zulhajji yana matsowa da misalin kwana 11 kowace shekara, alhajin da ya tafi cikin ɗari da wanda ya tafi cikin damina ba iska ɗaya suka tarar ba.

Na biyu shi ne halin da ƙasashen da ake ratsawa suke ciki. Kowace ƙasa ita ke da ikon sararin samaniyarta, kuma ba a shiga sai da izini. A Nijar da Cadi, hukumar ASECNA ce take yi wa jirage jagora. An kafa ta ranar 12 ga Disamba 1959 a birnin San Luwi na Senegal, kuma makarantarta ta horar da masu lura da yanayi da zirga-zirgar jirage, wato EAMAC, a Yamai take. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, ana saura ƴan makonni a fara jigilar alhazai. Jiragen Afirka ta Yamma suka koma yin zagaye, hanyar ta ƙaru, mai ya ƙaru, waɗansu tafiye-tafiye suka ƙaru da kusan awa 2. A Nijeriya har kamfanonin jigila suka nemi a ƙara musu kuɗi a kan kowace kujera. Wannan ya nuna cewa awa 5 da rabi lissafin lokacin zaman lafiya ne.

Agogo biyu

A nan ne masu karanta tikiti suka fi ruɗewa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya cikin minti 4. Wanda yake gabas yana riga na yamma ganin rana. Mutanen Adar sun san wannan tun daga watan azumi: Madawa tana gabas da Yamai da kusan digiri 4, shi ya sa take riga ta shan ruwa da misalin minti 15. Jidda kuwa tana gabas da Yamai da digiri 37, saboda haka rana tana riga fitowa can da kusan awa 2 da rabi. Hukumomi sun daidaita agogo a kan cikakkun awoyi: agogon Saudiyya yana gaba da na Nijar da awa 2 cif. Ƙarfe 12 na rana a Tawa, ƙarfe 2 ne a Makka.

Ƙa'idar tikiti ita ce, kowane lokaci da aka rubuta, na garin da aka ambata ne. Ga misali. An rubuta tashi daga Yamai 22h00, wato ƙarfe 10 na dare, sauka a Jidda 05h30, wato ƙarfe 5 da rabi na asuba. Mai ƙidaya da yatsu zai ce awa 7 da rabi ne. A'a, sai ya cire awa 2 na bambancin agogo, saura 5 da rabi. A dawowa kuma, an rubuta tashi daga Jidda 10h00, sauka a Yamai 13h30. Ga ido awa 3 da rabi ne; a ƙara awa 2, a sami 5 da rabi. Zuwa a cire, dawowa a ƙara. Idan lambar awa ta wuce 12, a cire 12 domin a sami ƙarfen yamma ko na dare: 17h00 ƙarfe 5 na yamma ke nan. Haka kuma filayen jirage suna da alamomi na haruffa uku: NIM Yamai ce, JED Jidda, MED Madina.

Sanin wannan yana da amfani uku. Na farko, salla. Mai tafiya gabas yana tarbar rana, wuninsa yana gajarcewa. Wanda ya tashi daga Yamai ƙarfe 2 na rana bayan ya yi Azahar, zai sauka ƙarfe 9 da rabi na dare a agogon Jidda. La'asar da Magariba da Isha'i duka a sama za su riske shi. Sai ya tambayi malamai hukuncin sallar matafiyi tun yana gida. Na biyu, harami. Wanda aka fara kaiwa Madina, a Zulhulaifa zai ɗauki harami, ranar da zai fita zuwa Makka. Wanda kuwa jirginsa ya nufi Jidda, daga nan sai Makka, shi ne yake bukatar shiri tun da wuri, domin jirgi yana cin kilomita 14 a minti guda, Bahar Maliya duk faɗinta cikin rubu'in awa yake ƙetare ta. Ba a wannan lokaci ne ake fara neman mayafi a cikin jaka ba, balle idan jakar tana ɗakin kaya. Na uku, magani. Mai ciwon sukari ko hawan jini da aka ƙayyade wa lokutan shan magani, ya gaya wa likita cewa agogo zai matsa da awa 2, kuma ya riƙe maganinsa a jakar hannu.

Yadda magabata suka yi wannan tafiya

Domin a san darajar awa 5 da rabi, sai a waiwayi baya. Mansa Musa na Mali ya yi aikin hajji a 1324, ya ratsa hamada ya bi ta Masar. Askiya Muhammadu na Sanwai ya bar Gawo a ƙarshen ƙarni na 15, bai dawo ba sai bayan kusan shekara biyu. Waɗannan sarakuna ne masu raƙuma da dukiya. Talakan ƙasar Hausa kuwa ƙafarsa ce abin hawansa. Hanyar da ta fi shahara ita ce ta gabas: Kano, Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, kogin Nilu, har tashar jiragen ruwa ta Sawakin a bakin Bahar Maliya.

Mai tafiyar kilomita 25 kowace rana ba hutu, kwana 160 zai yi kafin ya cika kilomita 4,000, wato fiye da wata biyar. Abin da jirgi yake yi a minti 2, shi ne wunin matafiyin ƙasa. Amma ba wanda ya taɓa yin ta ba hutu. Guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara abin gaba. Tun daga 1925, gonakin auduga na Jazira a Sudan sun riƙe dubban maniyyata. Tafiyar takan kai shekara biyu, biyar, har goma; ana haihuwa a hanya, ana aure, ana binne mamata. A 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'ar, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Hausawan da suke zaune a Sudan, da yawansu jikokin matafiyan wannan hanya ne.

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano ma wannan hanya suka biyo, amma daga gabas. Jiragen sojan Ingila ne guda uku, sun taso daga Masar a ƙarshen Oktoba 1925, suna yada zango a garuruwan Sudan da Cadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Bayan yaƙin duniya na biyu aka fara ɗaukar alhazai ta sama daga Kano. Bayan samun ƴancin kai, Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde ta ranar 28 ga Maris 1961, wadda ta haifar da kamfanin Air Afrique. Kamfanin ya yi jigilar alhazan ƙasashenmu shekaru da dama kafin ya rushe a 2002. A 1981 aka buɗe filin jirgin Sarki Abdul'aziz a Jidda, da sashensa na alhazai mai rufi kamar tantuna. Filin Diori Hamani kuwa an sabunta shi a 2019, gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai cikin watan Yuli na wannan shekara.

Inda lokaci yake zurarewa

Idan aka tara tafiyar maniyyacin Buza daga ƙofar gidansa zuwa masaukinsa a Makka, ga yadda take. Awa guda ko fiye zuwa Madawa. Awa 8 zuwa Yamai. Jiran ranar tashi. Awoyin awon kaya da binciken fasfo da na ƴan duwan. Awa 5 da rabi a sama. Awoyin tantancewa a Jidda. Sa'an nan motar da za ta yi kusan kilomita 100 daga filin jirgi zuwa Makka. A cikin wannan jeri, zaman jirgi shi ne sashen da aka fi sanin farkonsa da ƙarshensa. Ba mahalukin da zai iya matso da Jidda kusa, kuma gudun jiragen fasinja bai ƙaru ba tun shekarun 1960. Abin da ɗan Adam yake da iko a kansa yana nan ƙasa.

Wannan magana ta shafi mahukunta. A 2023 kujerun da Saudiyya ta ware wa Nijar sun haura 15,000. Idan jirgi guda yana ɗaukar mutum 400, ana bukatar sawu kusan 40 kafin a kwashe su, saboda haka dole wani ya riga wani. Maniyyacin da aka kira Yamai tun da sauran kwana huɗu jirginsa ya tashi, ya ɓatar da awa 96, wato fiye da sau 17 na zaman da zai yi a jirgi. A cikin kwanakin nan yana cin guzurinsa, yana kwana a inda ya samu, yana tara gajiya tun bai fara ɗawafi ba, ga shi yawancin maniyyatanmu dattawa ne. Idan hukumar shirya aikin hajji da umara, wato COHO, da kamfanonin da suke rajistar maniyyata suka fitar da jerin sunaye da ranakun tashi da wuri, aka aika da su ga shugabannin gundumomi da magadan gari da sarakunan gargajiya, aka karanta su a gidajen rediyon karkara cikin harsunan ƙasa, mutumin Keita zai bar gida ne a ranar da ta dace.

Akwai kuma masu tambaya, don me ba za a riƙa tashi daga filin da ya fi kusa ba? Daga filin jirgin Tawa zuwa Jidda wajen kilomita 3,650 ne, daga na Maraɗi wajen 3,500. Ragin da za a samu a sama bai fi minti 25 zuwa 35 ba. Babbar ribar tana ƙasa: mutumin Keita zai yi kilomita 70 maimakon 600, na Madawa zai yi misalin 160 zuwa Maraɗi maimakon 500. Sai dai babban jirgi cike da mutane da mai yana bukatar titin tashi na wajen mita 3,000 mai ƙarfin ɗaukar nauyinsa, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu, domin iska mai zafi ba ta ɗaga jirgi da wuri. Yana bukatar motocin kashe gobara, da rumbun mai, da fitilun dare, da ma'aikatan duwan da na ƴan sanda da na lafiya. Aiki ne mai cin kuɗi, wanda ya kamata a auna shi da awoyi da lafiyar dubban mutanen da yake ceta kowace shekara.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka sami takardar shaidar yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi rana. Idan dattijo ya kawo muku tikitinsa, ku karanta masa rana da wata, ku mayar masa da awa zuwa ƙarfen da ya sani, ku duba ko JED aka rubuta ko MED, ku gaya masa ya matsa agogonsa gaba da awa 2 idan ya sauka. Ku faɗa wa iyalinsa cewa idan suna sallar Magariba a Buza, shi ya riga ya yi Isha'i a Makka, domin su san lokacin da za su neme shi a waya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, to amma sai ya sami wanda ya san amsa.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya dawo mana da su lafiya. Amin.